Ƙwayar Suga da Asusun Ƙungiya: Jawabin Mata Masu Ciwon Suga a Taron Shekara



Uwar ƙungiya, Allah ya ƙara girma. Iyayenmu mata da ke zaune a gaba, barkanku da fitowa. 'Yan'uwa da suka taso daga Anka, da na Bukkuyum da Nasarawar Burkullu, da mu masu masauki na nan Gummi, sannunku da hanya. Mun san yadda hanyar take a wanga zamani, Allah ya maishe ku gida lafiya. Mazajenmu da ɗiyanmu da ke can bakin rumfa, ku ma ku matso da kunne, don maganar ga ta shafi aljihunku da tukunyar gidanku.

Mu tara ne a cikin ƙungiyar nan da likita ya tabbatar muna da ciwon suga. Tara ɗin waɗanda suka yarda suka faɗa ke nan. Akwai masu ɓoyewa, kuma ba mu ga laifinsu ba, mu ma mun ɓoye. Mun haɗu mun rubuta wanga jawabi tare, da hannunmu, albarkacin ajin yaƙi da jahilci. In kun ji tuntuɓe a karatun ku yi haƙuri, da girmanmu muka kama biro.

Da mu goma ne. Kowa a nan ya san wadda muka rasa, mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, Allah ya jiƙanta ya sa ta huta. Ba za mu kira sunanta ba saboda ɗiyanta suna zaune. Amma su suka ba mu izini mu ba da labarin, don kada a maimaita. Tana shan ƙwayarta lafiya lau har watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe kasuwannin mako aka kuma yanke layin waya a Zamfara. Kun tuna halin da muka shiga. Babu ciniki, babu yadda za a kira yaro a birni ya aiko da wani abu. Maganinta ya ƙare, kuɗin da ke hannu na hatsi ne. Ta ce ai jikinta garau take jin shi, bari a jira a buɗe kasuwa. Da aka buɗe, sai ga wani mai lasifika da jarkoki yana cewa nashi sha ɗaya ne, ya wanke suga har abada. Ta saya. Ta shekara ba ta koma ga ƙwaya ba. Garwashi ya ƙona mata tafin ƙafa wajen suya, ba ta ji ba, sai da ɗiyarta ta ga ƙafar ta kumbura. Daga nan gyambo, daga gyambo sai Sakkwato, aka yanke ƙafar, bayan 'yan watanni Allah ya yi mata cikawa. Kwana ya ƙare, mun yi imani da wannan. Amma kuɗin da aka kashe a jinyar nan ya isa ya saya mata ƙwayar shekaru masu yawa, kuma jarinta duka ya tafi a ciki.

To, bari mu yi maganar ƙwayar kanta. Sunanta Metformin. Masu zuwa aji ku rubuta: M, E, T, F, O, R, M, I, N. Wasu kamfanoni suna sa mata nasu sunan, wanda aka fi sani shi ne Glucophage, amma in kin duba ƙasan babban sunan za ki ga an rubuta Metformin da ƙananan baƙaƙe. Wannan shi ne abu na farko da karatu ya amfane mu da shi. Da can sai mu ce wa mai kemis "ba ni fara mai ɗan tsawo", alhali farar ƙwaya ta fi ɗari a shagon.

Wata ɗiyarmu mai karatun aikin jinya a Gusau ita ta zauna da mu ta warware mana yadda abin yake. Duk abin da muka ci na hatsi, tuwo ne, fura ce, hoce ne, shinkafa ce, in ya shiga ciki suga yake komawa ya shiga jini. Akwai wani sinadari da jiki ke yi, insulin, shi ne kamar ɗan dako mai kwashe kaya daga bakin mota ya kai cikin rumfuna. Irin ciwon da ya fi kama manya, 'yan dakon suna nan amma sun yi kaɗan, kuma masu rumfa ba su son buɗe musu ƙofa. Sai kaya su taru a kan hanya. Ga kuma hanta, ita ce sito, tana ta ƙaro kaya ko ba a tambaye ta ba, musamman da dare. Shi ya sa za ki kwana ba ki ci komai ba, da safe a gwada a ga suga ya hau. Aikin Metformin shi ne ta ce wa hanta ta rage fitar da kaya, ta kuma sa jiki ya riƙa jin maganar insulin. Ba ta kashe ciwon, riƙe shi take yi. Ranar da kika daina sha, hanta ta koma halinta, ko da kuwa ba ki ji komai a jikinki ba.

Wannan "ba ki ji komai ba" shi ne tarkon. Zazzaɓi yana kwantar da mutum, shi ya sa ake neman maganinsa da gudu. Suga kuwa a tsaye yake cin mutum, yana taɓa ido, da ƙoda, da jijiyoyin ƙafa, da zuciya, kina can kina awo a kasuwa. Mu da yawa sai da fitsarin dare ya dame mu, da ƙishirwa wadda randa ba ta kashewa, da rama ba dalili, da ƙaiƙayin gaba mai tafiya yana dawowa, sannan muka je asibiti. Na ƙarshen nan mata da yawa sanyi suke kiran shi, su yi ta shan maganin sanyi shekara da shekaru. Gwajin kuwa ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa, da safe kafin a karya. In na'urar ta nuna 126 ko sama da haka, ko 7 a na'ura mai ƙananan lambobi, kuma aka sake wata rana aka ga haka, to magana ta koma hannun likita.

Akwai masu ce mana maganin Bature ne, mu koma ga itatuwanmu. Abin dariya, ita ma ƙwayar asalinta daga wani tsiro ne da mutanen Turai ke jiƙawa tun zamanin kakanninsu. Sai dai tsiron yana da guba, sai masana suka yi ta aiki har suka samo abin da ke rage suga bai cutar ba. Wani likita a Faransa, Jean Sterne, shi ya gwada ta ga masu ciwon a 1957, shi ya raɗa mata Glucophage, wai ma'anarsa mai cin suga. Amurka ma da duk iliminsu sai 1995 suka fara sayar da ita. Yau tana cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata a rasa su a kowace ƙasa ba. Mu ba mu raina garahuni da shuwaka da zogale ba, a miya da kwaɗo muna cin su. Amma jarkar mai lasifika ba wanda ya san abin da ke ciki, ba awo, ba ranar lalacewa, kuma gobe ba za ki same shi a inda ya tsaya jiya ba. Ɗaci kuma ba shi ke nuna magani ba. Wata cikinmu ta sha jiƙon maɗaci har ta kusa rasa cikinta, suga yana nan inda yake.

Gaskiya ƙwayar tana da nata hali, kada mu yi muku ƙarya. Makon farko da na biyu tana iya kawo zawo, da tashin zuciya, da kumburin ciki, da wani ɗanɗano a baki kamar an tsotsi ƙarfe. Ga mace mai zaman kasuwa, inda ban ɗaki ke da nisa kuma sai an biya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mu uku nan muka jefar da ita a kan haka tun farko. Ashe dabarar ita ce a sha ta a tsakiyar cin abinci ko da an gama, ba da cikin wofi ba, kuma likita yakan fara da kaɗan, guda ɗaya mai lamba 500, sai jiki ya saba ya ƙara. In zawon ya ƙi tsayawa, a koma a faɗa. Akwai wata iri mai narkewa a hankali da ta fi sauƙi ga ciki, ita kuma ba a karya ta ba a tauna ta, haɗiye ta ake yi ɗungum. In kin manta ba ki sha ba har lokacin ta gaba ya yi, kada ki haɗa biyu.

Sai maganar rama. Ƙwayar ba ta sa ƙiba, wasu ma tana ɗan rage musu jiki. Nan surutu ke tashi: wance ta lalace, ko miji ba ya ba ta abinci, ko kishiya ta yi mata wani abu. Daga nan sai a ruga ga "sha ka fashe". 'Yan'uwa, don Allah ku ji wannan da kyau. Cikin ƙwayoyin ƙibar nan akwai masu tayar da suga ko ga mai lafiya, balle mai ciwon. Kumburi ne suke sawa, ba lafiya ba. Iyaye masu shirya amare, maganar ga da ku muke.

Abin da ya fi shafar mu mutanen yankin ga shi ne ƙoda. Ta ƙoda Metformin ke fita daga jiki. In ƙoda ta yi rauni ƙwarai, maganin yana taruwa ya zama haɗari, don haka likita kan nemi gwajin jini na ƙoda kafin a fara, sannan a riƙa sakewa aƙalla sau ɗaya a shekara. Mutanen Anka da Bukkuyum ba ku manta 2010 ba, shekarar gubar dalma, lokacin da yara ɗaruruwa suka mutu a Bagega da Dareta da Abare da 'Yargalma da ƙauyukan da ke kewaye, har likitocin MSF suka zo suka zauna. Mata ne suka daka dutsen zinarin nan a turmi a tsakar gida, suka shaƙi ƙurarsa. Dalma tana taɓa ƙoda, kuma tana daɗewa a jiki. Duk wadda ta yi wanga aiki, ko ta zauna gidan da aka yi shi, ta faɗa wa likita da bakinta kafin ya rubuta mata ƙwaya. Ba abin kunya ba ne, neman abinci ne ya kai mu. Haka kuma in amai da gudawa suka kama ki har ba ki iya riƙe ruwa, a dakatar da ƙwayar a nufi asibiti, kada a ce sai an cika ƙa'ida.

Akwai ƙwaya ta biyu da ake haɗa wa wasunmu, Glibenclamide, wadda aka fi sani da Daonil, 'yar ƙarama. Ita halinta daban ne. Matsa wa jiki take yi ya fitar da insulin, ko kin ci abinci ko ba ki ci ba. In kika sha ta kika fita kasuwa ba karin kumallo, ciniki ya ɗauke miki hankali har azahar, suga na iya faɗuwa ƙasa warwas. Sai rawar jiki, da gumi mai sanyi, da jiri, da bugun zuciya, wata ma ta riƙa magana ba kan gado. Ya faru da ɗayarmu a bakin rumfarta, aka taru ana tofi ana cewa iska ce ta buge ta, har aka kawo hayaƙi. Allah ya taimaka maƙwabciyarta ta san halin, ta jiƙa suga cokali uku ta ba ta, kafin a jima ta dawo hayyacinta tana tambayar ina kuɗin cinikinta. Shi ya sa za ku ga mai ciwon suga da ƙullin suga a bakin zane, kada ku yi mata dariya. Amma in ta suma ba ta iya haɗiya, kada a ɗura mata komai a baki, a kwantar da ita ta gefe a nemi abin hawa. Metformin ita kaɗai ba kasafai take yin haka ba. To kun ga dalilin da ya sa ba a aron ƙwaya. Taki daban, ta maƙwabciya daban, ko da kalarsu ɗaya.

Azumi kuwa, kowace shekara sai mun yi gardama a kansa. Abin da muka tsaya a kai shi ne a je wa likita tun watan Sha'aban, a gaya masa ana son yin azumi. Wasu yakan raba musu maganin, mafi yawa a buɗa-baki, kaɗan a sahur. Wasu yakan canza musu 'yar ƙaramar ƙwayar. Wasu kuma yakan ce kada su yi, kuma malaman da muka tambaya sun ce addini ya yi wa mara lafiya sauƙi, sun kuma ce tsira yatsa don gwaji ba ya karya azumi. In aka gwada da rana aka ga ƙasa da 70, ko sama da 300, a sha ruwa, ba jarumta ba ce a jira magariba. Kuma buɗa-baki da kunu mai suga kofi uku da lemon kwalba da dabino cike da hannu, wannan ba ƙwayar da za ta iya da shi.

Abinci ba za mu daɗe a kai ba, kowa ya san tukunyarsa. An ce mana sai alkama da acca, mu kuwa dawa da gero da shinkafa muke nomawa. Daga baya muka gane alkama ma suga take komawa. A rage malmalar tuwo, a ƙara miyar ganye da wake, a bar suga a shayi da fura, zuma ma suga ce. Maigida, in ka ga ta rage tuwo ba raina cefanenka ta yi ba. Mai ciki ko mai neman ciki ta faɗa wa likita da wuri. Yaro ƙarami kuma in ya kamu, galibi irin nashi allurar insulin yake buƙata, kada a ba shi ƙwayar uwarsa.

Saura maganar jabu. Mu 'yan kasuwa ne, mun san yadda ake cika mudu da yadda ake danne gindinsa. Magani ma ana yi masa haka. A duba lambar NAFDAC a jikin kwali. A duba inda aka rubuta EXP, wata da shekarar da ke gabansa su ne ranar lalacewa. Wasu kwalaye suna da wurin kankarewa kamar katin waya, a tura lambar ta saƙo, amsa ta dawo ko na gaske ne. A 2010 aka fara wanga tsari a Najeriya, kuma da maganin suga ɗin nan Glucophage aka fara gwada shi, saboda masu jabu sun sa shi gaba. Maganin da ya wuni a tire cikin ranar Gummi, ko na gaske ne, zafi ya taɓa shi. A gida ma kada a aje shi a madafa ko a kan taga.

To, uwar ƙungiya, ga abin da ya tsayar da mu gabanku. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin ƙwayar nan ya tashi, kuɗin mota ya tashi. Akwai watan da mace za ta zaɓa tsakanin katin magani da zubin adashe, kuma mun san wanda take zaɓa, don zubi ana bin ta har gida, suga kuwa ba ya sallama. Wasu suna raba ƙwaya ɗaya kwana biyu. In an tura mutum Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau, ko asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, sai ya yi lissafin kuɗin mota da na kwana, ya kuma yi lissafin hanya.

Muna roƙon a ware wani ɗan kaso daga ribar shekara a buɗe asusun magani. Ba kyauta muke nema ba. Rance ne ba ruwa, mace ta karɓi na wata ɗaya ko biyu ta biya a hankali ranar kasuwa. Kowa ta kawo takardar da likita ya rubuta mata, a haɗa a saya gaba ɗaya a babban kemis mai rajista, sari ya fi sauƙi, wannan ba sai an koya mana ba. Kuma a riƙa sayen na gaba tun na hannu bai ƙare ba, don in hanya ta rufe ko ruwa ya ci gari kamar yadda ya yi mana a daminar 2024, kada a wayi gari babu. Sannan a sayi na'urar gwaji uku da tsinkayenta, ɗaya Anka, ɗaya Bukkuyum, ɗaya Gummi, a aje wajen wadda ta iya karanta lamba, duk ranar taro mai so ta zo ba ta karya ba a gwada ta, ta biya kuɗin tsinke kawai. Kowa da allurarta sabuwa, ba a maimaitawa. Wadda lambarta ta hau, asibiti za a tura ta, mu ba likitoci ba ne.

Mun ji abin da wasu ke cewa, kuma suna da hujja. Sun ce asusun ƙungiya na jari ne, in aka buɗe ƙofar magani gobe mai hawan jini za ta zo, jibi mai ciwon ƙafa. Gaskiya ne za su zo, mu kanmu rabinmu muna da hawan jinin. Shi ya sa muka ce a fara da kaɗan, a gwada shekara ɗaya, a rubuta kowane kwabo a littafi, taro mai zuwa a karanta a gaban kowa. In ya ci jari a rufe. Amma ku tuna bashin marigayiya da ƙungiya ta yafe bayan rasuwarta. Shi ma daga asusun nan ya fita, ma'aji tana nan, ta san adadin.

Malamar ajinmu ta yarda za ta ware darasi biyu bayan wanga taro don karanta kwalin magani. Kowa ta zo da nata kwalin, ko na miji, ko na uwar miji. Waɗanda suka ce sun tsufa da karatu, babbar cikinmu jikoki goma sha ɗaya gare ta, kuma ita ta fara gano an ba ta maganin da saura wata ɗaya ya lalace, ta mai da shi aka canza mata.

Takardar da muka rubuta buƙatun tana hannun magatakarda, mu tara mun sa hannu, ba wadda ta dangwala yatsa. Uwar ƙungiya ta ce bayan sallar la'asar za a ɗaga hannu a kai. 'Yan Anka da Bukkuyum masu son kama hanya da rana, don Allah ku faɗa wa magatakarda ra'ayinku kafin ku tashi. Masu raba abinci kuma, namu ban da lemo, ruwa ya ishe mu.

Wassalamu alaikum.